Amortisa biyu na moton kawuna

Kawuna ya bar mini gadon Yamaha XT500, irin moton da Cyril Neveu ya ci tseren Paris-Dakar na farko da shi a 1979, tseren da ya ratsa Agadas da Yamai. Inji lafiya lau. Amortisa biyun nan na baya ne suka mutu, mai ya tsiyaye, in ka danna kujera sai ta yi ta lilo.

Arha ta ruɗe ni, na sayo wasu masu sheƙi a kasuwa. Ashe sun fi na asali tsawo da yatsa biyu. Baya ya ɗaga, sarƙa kuma tana tsukewa duk sanda na faɗa rami. A kan gargada man cikinsu ya yi zafi, suka daina riƙewa, moto ya watsar da ni cikin rairayi.

Tsohon makanikin unguwarmu bai yi mini faɗa ba. Ya ce, "Ɗana, hau ka zauna." Ya auna tsawonsu daga rami zuwa rami, ya duba nutsewar sifirin da nauyina: kamar kashi ɗaya cikin uku ya kamata ya sauka. Nawa ko motsi bai yi ba.

Yanzu masu buɗuwa nake nema, waɗanda ake sake musu mai. Kafaɗata har yau tana ciwo.