Dangar Bayan Gida a Giwa

Mai karatu, in hanya ta kai ka Giwa, kan titin Zariya zuwa Funtuwa, kada ka tsaya iya kasuwar hatsi. Yi sallama wani gida ka leƙa bayan ɗaki. Nan za ka tarar da ɗan lambun uwargida: zogale, yakuwa, kuɓewa, da kabewa ta haye danga.

Dangar ta karan dawa ce, kuma ta gida biyu ce. Gara na cin gindinta, damina na ruɓar da ita, shi ya sa bayan kaka, lokacin da kara ya wadata, ake sabuntawa: wannan ya kawo kara, wancan dirka da igiya. In ɗaya ya yi nawa, akuyarsa ce za ta cinye alayyafon ɗayan, daga nan sai gaisuwa ta fara sanyi.

A gidan gwaggona haka ta kusa faruwa. An tara kara, sai ga kurciya ta yi sheƙa a kusurwar tsohuwar dangar, ƙwai biyu. Maƙwabcin ya ce, "Hajiya, awakina fa ba su san haƙuri ba." Ta ce, "Malam, mako biyu take kwanci, wasu biyun 'ya'yan su tashi. Ɗaure su mana."

Ya ɗaure, yana gunaguni. Aka sabunta danga, aka bar kusurwar nan zira'i uku. Har na taho tana nan a karkace, yaran gidajen biyu suna leƙe ta kafarta.