Alhaji da famfon madarar sanyi

Duk wanda ya yi aiki da shi a buron duwan na Damagaram ya san Alhaji da hali biyu: ba ya makara, kuma aljihun rigarsa ba ya rabuwa da alewa. Mutum ne mai kamun kai, ba taba, ba goro, amma a gaban alkaki ba shi da ta cewa. Masu tallan nakiya da tuwon madara sun san ƙofar gidansa. In lokacin rake ya yi, shi ne mai tare motocin Matamai. Shayi kuwa, na uku ya fi so, wanda ganye ya mutu sukari ya rage.

A shekarar 2018, bayan ya yi ritaya, likita ya auna jininsa da safe kafin ya karya, ya sami giram 1,20 a lita. Ya bayyana masa cewa daga 1,26 ake kiran abin ciwon sukari, saboda haka yana bakin ƙofa, bai shiga ba tukuna. Tun daga ranar Hajiya ta ɗauki makullin kwalin sukari ta ɗaure a bakin zane. Ga Hajiya, ga kuɗin fansho da ba su da yawa: masu gadi biyu ke nan, kuma sun yi aikinsu.

Sai ga tafiya Amurka a 2019, wajen babban ɗansa da ke zaune a San Diyego, cikin jihar Kalifoniya. Hajiya ba ta je ba. Wata Asabar ɗan ya kwashi uban da matarsa da ƴarsu mai shekara shida zuwa wani gidan abinci mai suna Souplantation, wanda a wannan birnin aka fara buɗe shi a 1978. A wasu jihohi kuma Sweet Tomatoes ake kiran rassansa. Dokar gidan ɗaya ce: ka biya sau ɗaya, ka ci iya cikinka. Kuɗin kowane kai dala goma ne da ɗoriya, dalar Amurka fa, ba tamu ta tamma biyar ba, wato wajen jika shida ko bakwai na sefa. A Damagaram kuɗin cefanen kwanaki ne. A can kuwa abincin mai ƙaramin ƙarfi ne, shi ya sa tsofaffi da masu yara suka cika wurin.

Daga bakin ƙofa mutum zai ɗauki tire da faranti, ya bi wani dogon teburi yana ɗiba: salati iri-iri, tumatir, karas, kokwamba, wake, masara, taliya mai sanyi. Sai ya kai ƙarshen teburin sannan ya biya. Alhaji, da ya shekara talatin yana ƙiyasta kimar kayan fatake, nan take ya gano lissafin. Abin da ke cika ciki da araha shi aka sa a gaba, nama kuwa sai an nema, kuma ba a biyan yaran da za su kai ma mutane abinci, tun da kowa yaron kansa ne. Ya jinjina ma wanda ya tsara haka. Amma ganye bai ba shi sha'awa ba. Ya ɗibi kaɗan don kada surukarsa ta ga ya raina gayyata.

Miya ce ta ɗaure masa kai. Tukwane jere suna tururi, ba tuwo, ba shinkafa. A wajenmu miya rakiya take yi, ba ta tafiya ita kaɗai. Ɗan ya bi tukwanen yana karanta takardun da aka liƙa, domin akwai waɗanda ake sa ma naman alade, ya zaɓa masa ta tumatir. Alhaji ya sha cokali huɗu, ya ce ba laifi. Idonsa yana can wani gefe.

A can gefen ne ake fito da ƙananan gato daga tanda, da zafinsu, wasu da shokola, wasu da ƴaƴan itace masu launin shuni a ciki. Kusa da su ga wani inji na ƙarfe mai hannu kamar famfo. In an danna, madarar sanyi ta zubo a murɗe, fara ko ta shokola, ba ta tsayawa sai an saki. Ba mai tsaro, ba mai awo, ba mai rubutawa. Alhaji ya tsaya yana kallon wani yaro yana cika kofi, ya jira a tsawata masa, ba wanda ya ko waiga.

A nan ya kamata mai karatu ya yi ma tsohon adalci. Bahaushe bai san zaƙi a matsayin ƙarshen abinci ba. Wannan al'adar Nasara ce, wadda ƴan lakwal suka sani da deser. A wajenmu zaƙi yana da ranarsa. Alkaki da nakiya kayan gara ne, dabino na buɗa-baki ne, cincin na Salla ne. Alkaki sai an jiƙa alkama, an bar ta ta kwana, an soya, an tsoma cikin zuma ko ruwan sukari. Wahalar yinsa da tsadarsa su ne mudun da ke auna ma kowa rabonsa. Mutumin da ya girma a haka bai taɓa koyon cewa "ya isa" ba, domin kullum abin ne ke ƙarewa kafin shi ya ƙoshi. Yau ga shi gaban abin da ba ya ƙarewa, kuma an riga an biya.

Ya yi zuwa na farko, gato biyu da kofi ɗaya. Ya yi na biyu. A na uku ya gano cewa in aka ɗora madarar a kan gato mai zafi, sai ta narke ta shige ciki, kuma har yau yana cewa bai taɓa sa abu mai daɗin wannan a baki ba. Ɗan ya sunkuyar da kai, ya ce a hankali:

"Baba, Hajiya fa ta ba ni amana."

"Kai, kuɗinka nake fanshe maka. Ko so kake su ci riba biyu?"

Ɗa ba ya jayayya da uba a bainar jama'a. Surukar, wadda ma'aikaciyar jinya ce, ta san Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara tun 2015 cewa kada sukarin da babba ke sha a yini ya wuce kamar giram 50, wato ƙwaya goma ta kwali, ta kuma san an wuce nan tun a zuwa na biyu. Amma kunya ta rufe mata baki.

Jikar ce ba ta da wannan nauyi. Uwarta ta yanka mata kofi ɗaya tak, ta shanye, ta zauna tana lissafi. Da Alhaji ya dawo da kofi na huɗu, ta ɗaga yatsu huɗu a gaban fuskarsa, ta ce da Hausarta mai gargada:

"Angona, ni ɗaya, kai huɗu. In ka mutu wa zai aure ni?"

Aka yi dariya, har shi. Sai dai cokalin bai koma baki ba. Ya ajiye kofin a tsakiyar teburi. Zubar da abinci abin ƙi ne a wajensa, ba ma yarinya kuwa uwarta ta hana. Haka suka zauna su huɗu suna kallon madarar tana narkewa har ta zama ruwa. Da za su tashi, ya naɗe gato ɗaya a takarda zai sa aljihu, ɗan ya ce dokar irin wannan gida ba a fita da kome. Tsohon ma'aikacin duwan ya mayar da shi faranti, ya ce ya san doka.

Daren nan ya tashi shan ruwa sau uku. Bai gaya ma kowa ba, amma surukar ta ji ƙarar famfo, da safe kuma ya tarar da shayinsa ba sukari, bai ce uffan ba.

A watan Mayu na 2020, cikin annobar korona, kamfanin ya rufe gidajensa duka 97, domin an hana tsarin da kowa ke ɗibar abinci da hannunsa, ma'aikata fiye da 4 000 suka rasa aiki. Ɗan ya kira Damagaram ya ba da labari. Alhaji ya jajanta ma ma'aikatan, ya yi shiru, sannan ya tambaya ko an san wanda ya sayi injin nan. A 2024 an sake buɗe gida ɗaya a Tuson, cikin jihar Arizona. Wannan labarin ɗan bai kai masa ba.