Zango Uku Zuwa Azbin

Shekara goma sha tara Baba ya yi yana gadi a layinmu da ke Malali, a Kaduna. Buzu ne daga yammacin Agadas, dogo, mai rawani da amawali, wanda yaran layin ba sa ganin bakinsa sai in zai kurɓi shayi. Da gwiwa ta fara ba shi wahala, ya ce zai koma gida. Muka yi karo-karo, aka haɗa masa kuɗin mota da na guzuri, aka yi ban kwana. Da la'asar sai ga shi ya dawo daga tasha da kayansa a ka, karensa na biye da shi. Direba uku ya tambaya, duka ukun suka ce fasinja ba za su zauna da kare ba, sai dai a ɗaure shi cikin kaya tare da buhuna. Baba ya ce in haka ne ya fasa tafiyar.

Sunan karen Iska. Wani ɗan'uwan Baba ne ya kawo shi daga gida yana kwikwiyo, a cikin kwali. Ja ne, siriri, mai dogayen ƙafafu, haƙarƙarinsa a waje kamar wanda ba ya samun abinci, alhali haka jinsinsu yake. Azbinawa na kiran irinsa oska, Turawa kuma suna kiransa Azawak, da sunan kwarin da ya ratsa Nijar da Mali inda aka fi saninsa. Shekara biyar ya yi a Malali, da rana a ɗaure da sarƙa a gindin dalbejiya, da dare a sake shi ya zaga layin. A tsawon wannan lokaci ba a taɓa haura katangar kowa ba a layin. Na ga rashin kyautawa ne a bar tsoho ya zaɓa tsakanin gidansu da karensa. Na ari Hilux ɗin surukina, na roƙi ƙanena ya taya ni tuƙi, muka kai Iska wurin likitan dabbobi aka yi masa allurar haukan kare, aka ba mu takarda. A watan Disamba ne, cikin hunturun da ya gabaci rufe iyakokin ƙasa na 2019.

Bayan sallar asuba muka bar gida, muka hau titin Zariya ta Kawo. Hazo ya rufe gari har fitilun manyan motoci sun koma ja. Iska na baya a kan tabarma, tsakanin jarkokin ruwa shida da tanti da buhun gawayi, Baba kuma ya ƙi zama gaba don ya riƙa hango shi ta gilashi. Kano muka ratsa ba tsayawa, sai Kazaure, sai Daura inda muka ci abinci, sai Kwangwalam. A iyaka jami'in ya daɗe yana duba takardar karen fiye da tamu, sannan ya leƙa ya ce, “Wannan ai gida zai koma.” Muka wuce Matamaye, magariba ta same mu a Damagaram.

Masauki biyu muka gwada. A na farko mai karɓar baƙi ya ce ko a tsakar gida ba a barin kare. A na biyu aka yarda ya kwana a mota, amma a rufe. Ban ga laifinsu ba, don ni ma da haka na tashi: kare abin ƙofar gida ne, ba ya shiga inda ake shimfiɗa sallaya. Baba dai bai ce uffan ba sai da muka koma mota.

“Alhaji, mu je inda dabbobi ke kwana. A can ba a korar kowa.”

Muka fita bayan gari, gefen kara, inda masu shanu da raƙuma ke sauka su jira ranar kasuwa. Wuta nan, wuta can, jakuna a turke, warin kashin shanu da hayaƙin kirare. Wani dattijo ya taso da tocila. Bayan sallama, tambayarsa ta farko ita ce, “Dabbar ta sha ruwa?” Bai tambayi sunanmu ko garinmu ba sai da ya sa yaro ya kawo ruwa a tsohuwar tasa, ya tsaya ya ga Iska ya sha. Daga nan ya nuna mana gindin wata aduwa, ya ce mu kafa a nan, iska ba ta bugu sosai.

A daren nan na daɗe ban yi barci ba, ina juya kalmar zango a raina. Duk ɗan Kaduna ya san Zango na Tudun Wada, inda ake sayen ragon layya, amma ban taɓa tsayawa na tambayi kaina daga ina sunan ya fito ba. Zango shi ne inda ayari ke sauka bayan tafiyar yini. Madugu ya zaɓi wuri, a sauke wa jakuna da raƙuma kaya, a shayar da su, a turke su, kafin fatake su ɗora tukunya. Ba a yada zango inda babu ruwa da kiwo, ko da wurin ya yi wa mutum daɗin kwana, saboda in dabba ta kasa, tafiya ta ƙare. Zangon Daura da Zangon Katab duk daga nan suka samo suna, haka ma unguwannin Hausawa na Kumasi da Akara da har yau ake kira zango. Wato kakanninmu sun shimfiɗa masaukai tun daga Azbin har Gwanja waɗanda aka tsara su a kan bukatar dabba. Mu jikokinsu mun gina otal masu hawa-hawa, amma mai tafe da dabba ba shi da wurin sa haƙarƙarinsa a ciki.

Daga Damagaram zuwa Agadas kusan kilomita 450 ne. Har zuwa Tanut akwai gonakin gero da aka girbe, rumbuna a jere a bakin ƙauyukan Damargu. Bayan Tanut gona ta ƙare. Bishiyoyi suka gajarce, suka yi nisa da juna, kwalta ta riƙa ɓacewa tana dawowa, har muka gane cewa bin sawun manyan motoci a gefe ya fi bin titin kansa sauƙi. A kowane shinge jandarmomi su duba takardu, su leƙa baya, wani ya yi wa karen fito.

Kafin Adarbisinat muka ratse zuwa wata rijiya da Baba ya sani. Mai zurfi ce ƙwarai. Jakuna biyu ke jan igiya, yaro na kora su har su yi nisa kafin guga ya iso baki, a juye a rabin durom, tumaki su yi caa a kai. Akwai layi, kowane garke da lokacinsa, kuma ba mai tsallake wani. Amma da matar da ke juye gugan ta hango Iska yana lallage, sai ta kore tumakinta da sanda, ta bar masa wuri. Baba ya yi mata godiya da Tamashek. Na tuna hadisin mutumin da ya sauka rijiya ya ɗebo wa kare mai ƙishi ruwa a huffinsa, Allah ya gafarta masa saboda haka. Tun ina makarantar allo nake jin labarin, amma sai a bakin wannan rijiya na ga irin wahalar da ke cikin guga ɗaya. Kuma mu da muke bin mazhabar Imam Malik, a wurinsa kare mai rai ba najasa ba ne, sannan shari'a ta halatta ajiye shi don farauta da tsaron dabbobi da gona. Ƙyamar da muke nuna masa a birni ta zarce abin da littattafanmu suka ce, har takan kai yara su jefe shi don wasa, manya na kallo.

Nesa kaɗan da rijiyar muka kafa tanti, don Baba ya ce ba a kwana a bakin ruwa: hanyar dabbobi ce da dare, ta gida da ta daji. Nan Iska ya gamu da ƙarangiya. Ko taku ashirin bai yi ba ya tsaya yana ɗaga ƙafa, tafinsa da ya saba da simintin Malali ya cika da ƙaya. Baba ya zaunar da shi, ya ɗora ƙafar a cinyarsa, ya riƙa cire su ɗaya-ɗaya da hantsaki, ya shafa masa man shanu. Ya koya mana sauran ƙa'idojin wurin yana aikin: a share ƙasa kafin shimfiɗa, a zazzage takalmi da safe saboda kunama, kada a bar ragowar abinci a waje don dila, kada a bar kare ya taka yashi da tsakar rana ko da a hunturu ne. Ruwan Iska kuwa a jarka daban yake, Baba ba ya yarda a taɓa shi ko don wanke hannu.

Ya kwaɓa garin alkama, ya ture garwashi gefe, ya binne ƙullun a cikin yashi mai zafi, ya mayar da garwashin a kai. Tagella suke kiran wannan gurasa. Da ta gasu ya kaɗe ta, ya gutsuttsura a miyar tumatir da busasshen nama, ya ware wa Iska rabonsa kafin mu sa hannu. Sanyi ya sauko irin wanda ban taɓa ji ba ko a tsakiyar hunturun Kaduna. Taurari kuwa sun yi ƙasa-ƙasa har kana ganin kamar hayaƙin wutarmu na taɓa su.

Muna jiran shayi na biyu ƙanena, wanda ya yi karatu shekara biyu a jihar Arizona ta Amurka, ya ce wurin ya tuna masa da wani ƙaramin gari a hamadar can mai suna Kwatsait. Da sanyi ya kama jihohin arewa, dubban mutane, galibi tsofaffi 'yan fansho, sukan gangaro da motoci masu ɗaki a ciki, da gado da kicin da bayi, su yi watanni a fili. Akwai wuraren sauka na kuɗi inda kowace mota ke da wurin jona lantarki da famfo, wasu ma da shingen da ake sakin karnuka su yi gudu. Kafin mutum ya kama wuri sai ya bincika ko ana karɓar dabba. A gandun dajin gwamnatin tarayyarsu kuwa doka ce kare ya kasance a igiyar da ba ta wuce ƙafa shida ba, kuma mai shi ya kwashe kashinsa.

Baba ya saurara har ƙarshe, yana ɗaga buta sama yana zuba shayi don ya yi kumfa.

“To, yaro, ruwan na wane ne?”

“Na mai wurin, Baba. Biya ake yi.”

“Wanda kuɗinsa ya ƙare fa, da shi da dabbarsa?”

Ƙanena ya ce sai ya tashi. Baba ya miƙa masa kofi, bai ƙara magana ba. Ni dai na ga abin koyi a tsarin nasu, musamman allurar rigakafi da tsafta da sanin haƙƙin maƙwabci, don haukan kare na kashe mutane a ƙasarmu. Amma tambayar Baba ta fi zauna mini.

Washegari muka gangara ta dutsen Tigidit, kafin azahar muka hango hasumiyar masallacin Agadas, mai tsawon mita 27, ta laka, itatuwa sun fito a jikinta ta ko'ina. An gina ta a 1515, aka sake gina ta a 1844, kuma a 2013 Unesko ta sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya. Hausa ake yi a kasuwa, ba ka bukatar tafinta. Akwai lokacin da Turawa ke keto Sahara da motocinsu daga Tamanrasat, su bi ta Asamaka da Arlit su sauka a nan, su kafa tanti a manyan farfajiyoyi kafin su shiga duwatsun Azbin da Tenere. Tawayen 2007 da sace ma'aikata da aka yi a Arlit a 2010 suka tsayar da wannan harka. Wani mai sayar da kayan azurfa ya nuna mana hotunan zamanin, sun koɗe, ya mayar da su cikin akwati a hankali. Mun sayi sukari da ganyen shayi da buhun gero don iyalin Baba, muka kama hanyar Ingal.

Ba titi zuwa gidansu. Baba ke nuna hanya da hannu, ta nan, ta can, a fili shimfiɗaɗɗe da ni ban ga wata alama a cikinsa ba. Rana na gab da faɗuwa muka hango bukkokin tabarma huɗu da raƙuma a durƙushe. Kafin mutane su fito, karnuka uku sun riga su, jajaye, sirara, kamar an zana su daga jikin Iska. Gabana ya faɗi, na ce za su yayyaga shi. Baba ya sauka da ƙyar saboda gwiwa, ya buɗe baya, ya kwance sarƙar daga wuyansa.

Suka zagaye shi suna gurnani, shi kuma ya tsaya ƙyam, wutsiya a ƙasa. Can ɗaya ya zabura, sauran suka bi, Iska ya bi su. Shekara biyar ina ganin karen nan, ban taɓa sanin abin da aka halicce shi dominsa ba sai a wannan yammacin. Jikinsa ya miƙe, cikinsa kamar zai taɓa ƙasa, ƙura na tashi a bayansa, har suka zama ɗigo huɗu a gefen sama. Matan gidan na guɗa saboda dawowar Baba, jikoki sun riƙe masa riga, shi kuwa idonsa na can.

Kwana biyu muka yi. Aka yanka mana akuya, aka cika mana jaka da cuku na rabawa a layi. Da safen da za mu juyo Baba ya rako mu har mota, ya yi mana addu'a mai tsawo, ya lissafa gidajen Malali ɗaya bayan ɗaya ya ce a gaishe su. Sannan ya ciro sarƙar daga aljihun rigarsa ya miƙo mini.

“Alhaji, ka kai wa sabon mai gadi. Amma ka ce masa ya riƙa kwance ta da wuri.”

Iska bai zo sallama ba. Tun asuba ya bi yaran da suka kora awaki rijiya.