Ƴar tutar da ke gefen sunanmu

A fadarmu nan Maradi, in an ɗora shayi na biyu, wasu na buga kati, mu kuwa muna kan waya muna buga darar Turawa, wadda ƴan lakkol suka sani da eshek. Kana zaune kan tabarma, abokin karawarka yana Brazil ko Indunusiya. Ba ka ganin fuskarsa. Sunansa kawai kake gani, da ƴar tutar ƙasarsa a gefe, ba ta kai ƙwayar wake ba.

Da farko tutar tamu dariya take jawo mana. Ruwan goro, fari da tsanwa, ga ɗigo a tsakiya, sai a ɗauka ta Indiya ce. Wanda ya duba sunan ƙasa kuma ya ce ai Najeriya. Mun gaji da bayani, wallahi.

Bayan 26 ga Yuli 2023 dariya ta ƙare. Duniya ta ga hotunan Yamai, an rufe iyaka, an yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya. Wani dare ƙaraminmu, yaro ɗan shekara goma sha shida da ya fi mu duka iya sarrafa doki, ya ci wani mutum wasa. Mutumin bai ce komai kan wasan ba, sai ya shiga zagin ƙasarmu, har da cewa yunwa ta kashe mu. Yaron ya rufe wayar. Da safe muka ga ya cire tutar.

Nan gardama ta kaure. Wasunmu suka ce tsoro ne, ɗan ƙasa ba ya ɓoye tutarsa. Wasu suka ce ku bar shi, wasa ya je yi, ba taron Majalisar Ɗinkin Duniya ba.

Abin ba a kanmu ya fara ba. A 2022, da Rasha ta shiga Yukren, hukumar wasan ta duniya, FIDE, ta hana ƴan Rasha da Belarus yin wasa da tutarsu, dandalin Chess.com shi ma ya ɓoye tutocin ƙasashen biyu. Can baya, a ƙarshen 2019, Alireza Firouzja ya ajiye tutar Iran saboda ana hana ƴan ƙasar karawa da ƴan Isra'ila, daga baya ya koma buga wa Faransa. Shi da hannunsa ya ajiye. Su ƴan Rasha cire musu aka yi, har da waɗanda suka fito fili suka ƙi yaƙin. Mun fahimci ɗan Yukren da ba ya son ganin tutar nan alhali bom na sauka garinsu. Amma mu da muka ɗanɗana takunkumi kan abin da ba a shawarce mu ba, wannan hukuncin bai kwanta mana ba. Da za a tambaye mu, a ba kowa maɓallin rufe tutoci a wayarsa, mai zagi kuma a kore shi.

Yaron dai ba mu matsa masa ba. Mun nuna masa yadda ake rufe akwatin hira da yadda ake kai ƙara. Mu manya mun bar tutarmu, don ta sanadinta wani ɗan Damagaram da ke karatu a Maroko ya gane mu, ya rubuto: "Ƴan gida, ina kwana?" Yanzu duk Juma'a da dare yana cikin wasanmu.

Shi kuwa ƙaramin har yau babu tuta a gefen sunansa. Jiya ma sau uku ya ci mu, shayinsa na hucewa.