Sallamar Baki da Sallamar Takarda

Kalmar sallama tana ɗauke da kaya fiye da ɗaya. Da ita ake shiga gida, da ita ake fita, kuma ita ce abin da ubangida ke yi wa yaronsa ranar da ya ga ya isa tsayawa da ƙafafunsa. A kasuwar Sabon Gari, in aka ce Alhaji ya sallami yaronsa, sau da yawa jari ya ba shi, ko ya kama masa rumfa ya haɗa shi da masu ba da kaya. In kuwa aka ce kamfani ya sallami ma'aikaci, kowa ya san abin da ya faru. A tsakanin ma'anonin nan biyu ne yawancinmu masu cin albashi muke ruɗewa ranar ajiye aiki. Mukan tafi da ladabin yaron kasuwa muna sa ran karamcin ubangida, alhali ofishin da muke bari takarda kaɗai ya sani.

Shekara huɗu na yi a wata ƙaramar kafar labarai mai ofis a Sabon Gari, kullum ina sintiri daga Samaru ta Kwangila. Da na samu wani aikin, abin da na fara nema shi ne takardar da aka ɗauke ni da ita. Dokar Ƙwadago ta 1974, a sashe na 11, ta tanadi wa'adin sanarwa: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya ga wanda bai kai shekara biyu ba, mako biyu daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, wata ɗaya ga mai shekara biyar ko fiye. Sanarwar da ta kai mako dole ta zama a rubuce, kuma ana iya biyan kuɗi a madadinta. Sai dai dokar ta fi shafar masu aikin ƙarfi da akawu. Ta cire masu aikin gudanarwa da ƙwararru daga ma'anar ma'aikaci. Saboda haka malamin jami'a da likita da manajan banki, abin da ke cikin yarjejeniyarsu shi ke ɗaure su, kuma shi Kotun Ma'aikata ta Ƙasa za ta fara dubawa in an je gabanta. Tawa yarjejeniyar wata ɗaya ta ce. Na rubuta layi huɗu, na sa sakatariya ta buga hatimi da kwanan wata a kwafina.

Duk wanda ya yi karatu a Jami'ar Ahmadu Bello ya san kiliyarans: yawo da fom daga sashe zuwa Laburaren Kashim Ibrahim zuwa ofishin kuɗi, ana farautar sa hannu. Ma'aikacin da zai bar irin wannan babbar ma'aikata yawonsa ya fi na ɗalibi nauyi, domin akwai gidan ma'aikata da zai mayar, da bashin ƙungiyar adashi, da alkawarin shekarun aiki in an ɗauki nauyin karatunsa. Mu namu kayan ba su da yawa: rikoda, katin shaida, kalmar sirri ta shafin Facebook. Duk da haka na jera su a takarda, wanda ya karɓa ya sa hannu. Lambobin majiyoyina kuwa ban miƙa ba. Waɗannan mutane ni suka amince wa, kuma wasunsu aikinsu suka sa a kasada da suka yi magana da ni.

Fansho shi ne inda aka fi tafka asara cikin shiru. Dokar Fansho ta 2014 ta ce mai aiki ya zuba aƙalla kashi 10 cikin ɗari, ma'aikaci kashi 8, kuma asusun na ma'aikaci ne, yana bin sa duk inda ya koma. Ganin an cire kuɗi a takardar albashi ba ya nuna sun shiga asusun. Sai ka nemi bayanin asusunka daga kamfanin fanshonka ka gwada wata da wata. Nawa akwai giɓin wata bakwai. Wanda bai kai shekara 50 ba, in ya yi wata huɗu bai samu wani aiki ba, yana iya cirar kashi 25 na abin da ya tara, amma za a nemi takardar da ke nuna ya bar aiki, wadda tsohon ofishinsa ne zai bayar.

Sai ganawar bankwana, al'adar da kamfanoni da ƙungiyoyin agaji suka shigo mana da ita. A zaunar da kai a ce ka faɗi gaskiya: me ya sa za ka tafi, me za mu gyara? A babban birnin da mutum zai fita ya ɓace, wannan tambaya mai sauƙi ce. Zariya ba haka take ba. Manajan da ka caccaka ranar Alhamis shi za ka tarar a sahun gaba a ɗaurin aure ranar Asabar, wataƙila ma abokin yayanka ne tun Barewa. Shi ya sa mutane kan kasu biyu: mai kunya ya ce "babu komai, ranka ya daɗe, lokaci ne ya yi", mai fushi ya zazzage cikinsa har da wanda ya taɓa hana shi kujera. A ganina dukansu biyu sun ɓata damar. Aikin jarida ya koya mini cewa duk abin da aka faɗa a gaban mai biro ya zama rubutu, don haka na zaɓi abu biyu da zan iya maimaitawa a gaban kowa, ban ambaci sunan mutum ba. Na ce albashi na makara. Na kuma ce tura wakili ɗauko rahoto Giwa ko Soba ba tare da kuɗin mota ba tura shi ne ya karɓi na goro daga wanda ya je yi wa tambaya. Manajan ya yi shiru, ya ce, "Malam, ai mu nan 'yan uwa ne." Na ce haka ne, yallaɓai, shi ya sa na faɗa a ɗakin nan maimakon a rumfar mai shayi.

Ranar ƙarshe an sayo lemo da tsire, aka yi addu'a, aka nemi gafarar juna kamar yadda muka saba, tunda zo mu zauna zo mu saɓa ne. Na yafe, kuma da zuciya ɗaya na faɗa. Amma yafiyar da ake yi a kan tsire ta ɓacin rai ce da tuntuɓen harshe. Ba ta shafe albashin wata biyu da fanshon wata bakwai. Na ga abokan aiki da kara ta hana su komawa kan haƙƙinsu, suna jin tunda sun ce sun yafe, tambaya ta zama rashin kunya. Ni kafin a buɗe lemon na riga na karɓi takarda mai hatimi da ta lissafa abin da nake bi, da wata ta shaidar aiki mai ɗauke da muƙamina da ranar farawa da ta gamawa. Albashin ya shigo kashi biyu cikin wata biyar. Fanshon har yanzu ina bibiya, da kwafin wasiƙa ta uku a jakata.