Malam da Lokacin da Ba Shi da Suna a Hausa

A Larabci lokutan shekara huɗu ne: shita'u, rabi'u, saifu da kharifu. Mun haddace su tun muna aji biyu. Da Malam ya ce mu fassara su da Hausa, sai rabi'u ya gagare mu. Wasu suka ce bazara. Malam ya girgiza kai. A Maraɗi, inda ya taso, bazara ita ce lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a watan Afrilu, rijiyoyi su ja baya, kowa ya zuba wa sama ido yana jiran hadari. Abin da ke zuwa mana a Greensboro bayan sanyi daban ne: ciyawa ta yi kore, itatuwa su yi fure, iska ta yi daɗi. Shi ya sa a ajinmu muke ce masa rabi'u kawai.

Malam ba a cikin gari yake zaune ba. Gidansa na can arewa, wajen Stokesdale, inda ake ganin gonaki da dawakai, tafiyar kusan rabin awa zuwa makarantarmu da ke kusa da Titin Wendover. Daga Litinin zuwa Juma'a aikin dare yake yi a wani babban sito. Asabar da Lahadi namu ne. Yakan iso da filas ɗin shayi da jakar littattafai, idanunsa jajir, ya kunna hita, ya jera kujeru kafin iyayenmu su sauke mu.

Dusar ƙanƙara ba ta cika yawa a Karolina ta Arewa ba, amma 'yar kaɗan ta isa ta tsayar da komai. Ina shekara takwas lokacin da ta zuba kusan ƙafa guda a Disamban 2018. Wadda ta sauka ranar Juma'a 10 ga Janairun 2025 ba ta kai wannan ba, amma da dare sanyi ya daskarar da ita. Motocin gishiri manyan hanyoyi suke fara bi, irin su Wendover da I-40. Ƙaramar hanyar gidan Malam sai daga baya. Ranar Asabar ɗin nan ba a buɗe makaranta ba, mu kuwa har mun fara murna. Ƙarfe goma daidai wayar Mama ta yi ƙara.

"Hajiya, ina kwana? Ya sanyi? A ba ni 'yata ta kawo hadda."

Haka ya bi mu ɗaya bayan ɗaya, mu goma sha huɗu, kowa minti goma. Ina karatu ina jin ƙarar shebur daga can ɓangarensa, ashe yana share ƙofar gida ne da wayar a aljihun rigar sanyi. Duk da haka bai bar mini madda ɗaya ta wuce ba.

Idan mun yi ƙorafin sanyi, sai ya kawo mana labarin Inuvik, wani ƙaramin gari a ƙarshen arewacin Kanada. A can rana takan yi kusan wata guda ba ta fito ba. Masallacinsu a Winnipeg aka ƙera shi a 2010, aka ɗauko shi a kan babbar mota, sannan a jirgin ruwa, tafiyar fiye da kilomita 4,000. Malam yakan ce mu yi tunanin mai koyar da yaran garin, wanda zai fita cikin duhu ya dawo cikin duhu, kuma ya bayyana wa yaro lokacin Azahar ba tare da inuwa ba. Ni dai ina ganin yana son labarin ne don ya ga kansa a ciki.

A 2025 rabi'u da azumi tare suka shigo. Mun ɗauki azumi a farkon Maris, ranar 9 ga wata kuma aka tura agogo gaba da awa ɗaya, buɗa-baki ya koma bayan ƙarfe bakwai. Malam yakan sha ruwa a mota a hanyar zuwa aiki, dabino uku da ruwan gora. Kafin Sallah itatuwa sun fara fure, daga baya dogwud, wanda shi ne furen jiharmu, ya yi fari fat a bakin hanyoyi. Sai ƙurar itatuwan fain ta bi motoci ta mai da su rawaya. Malam yana ta atishawa, ya ce ko ƙurar hunturu ta Maraɗi ba ta taɓa yi masa haka ba.

Abin da ke damuna shi ne a wannan lokaci mai daɗi ajinmu ke raguwa. Ƙanƙara ba ta hana kowa hadda ba. Amma da rana ta fito, wasannin ƙwallo na Asabar suka dawo, ga jarabawar ƙarshen shekara ta boko tana matsowa, sai kujeru suka fara zama babu kowa. Makon jiya mu shida ne. Ban ga laifin masu ƙwallo ba, ƙanena ma yana ciki. Sai dai mutumin da ya kwana yana ɗaga kwalaye, ya tuƙo rabin awa, bai kamata ya tarar da rabin aji ba. Kuma a wannan ɗakin ne kaɗai yawancinmu ke yin awa uku ba mu yi Turanci ba. Ƙananan da ke bayanmu sun fara amsa wa iyayensu Hausa da Turanci.

Malam bai yi faɗa ba. Ya shuka yakuwa da kuɓewa a cikin kofunan roba, ya jera su a tagar aji, kowane kofi da sunan ɗalibi da rubutun ajami. Ya ce sai bayan tsakiyar Afrilu, in sanyin dare ya wuce, za a dasa su a bayan gini, kuma kowa shi zai ba nasa ruwa. Ya kuma roƙi iyaye a mai da darasin Asabar zuwa bayan La'asar har ƙarshen Mayu, don masu wasa su samu zuwa. Za a yanke shawara a taron iyaye na Lahadi mai zuwa, bayan Azahar.