Kwana Biyu a Miango, Babu Tukunya a Kan Wuta

Duk wanda ya san majami'un Arewa ya san cewa zumuntar mata ce ke riƙe da su. Matan ne ke share ɗakin sujada ranar Asabar, su je gaida marasa lafiya, su dafa abincin biki da na makoki, ranar Lahadi kuma su fito cikin anko da tulu da caki a hannu, su rera waƙa har ƙasa ta amsa. Ko babban taronmu na shekara ma aiki ne: a yi dakon itace da buhunan shinkafa, a kwana a ajin makaranta, a tashi da asuba a hura wuta. Mace takan koma gida da farin ciki da shaƙaƙƙiyar murya, amma da wuya ta ce ta sami sa'a guda ita kaɗai da Ubangijinta.

Shi ya sa taron keɓewa na ƙarshen mako ya zama baƙon abu a gare mu. Mu goma sha takwas muka tafi Miango, ƙasar Irigwe, yamma da Jos, daga yammacin Jumma'a zuwa azahar ɗin Lahadi. Masaukin da ke can mishan na SIM ne suka gina shi, shekaru fiye da ɗari da suka wuce, domin ma'aikatansu su riƙa hawowa tudu suna shan iska mai sanyi. Suna da dalili. Cikin mutum uku da suka fara wannan aiki a 1893, biyu, Walter Gowans da Thomas Kent, sun rasu a shekarar da ta biyo baya, Rowland Bingham kaɗai ya tsira. Maƙabartar da ke Miango cike take da sunayen waɗanda suka biyo su, har da ƙananan yara. Mutanen nan sun koyi cewa hidima tana cinye mai yin ta, sai suka gina wa hutu gida. Ekklesiyar ECWA da ta tsaya da ƙafafunta a 1954 ta gaji aikinsu. A ganina matan cikinta sun gaji aikin gaba ɗaya, hutun ne bai iso gare su ba.

Tsarin taron ba shi da yawa. Wasu ne ke dafa mana abinci. An karɓe wayoyinmu. Safiyar Asabar aka ba kowace mace sa'a uku ta fita ita kaɗai, babu magana, babu waƙa. Masu karatu Musulmi za su gane abin nan da nan, domin ɗan'uwan i'itikafi ne na goman ƙarshen Ramadan, ko halwar masu ɗariƙa: a rage hayaniya domin a ji abin da hayaniyar ta danne.

Dattijuwar da ta jagorance mu, malamar makaranta ce da ta yi ritaya, ba ta ɗauko labarin Marta da Maryamu ba, wanda aka saba karanta wa mata kamar ana yi musu faɗa alhali su ake jira su kawo abinci. Labarin annabi Iliya ta buɗe, a Littafin Sarakuna na Fari, sura 19. Mutumin ya gama babban aiki a Dutsen Karmel, ya gudu jeji saboda barazanar Yezebel, ya zauna gindin itace yana roƙon mutuwa. Mala'ikan da aka aiko masa bai yi masa wa'azi ba. Ya tashe shi ya ci, ya sha, ya bar shi ya koma barci, sannan ya sake ciyar da shi. Sai bayan tafiyar kwana 40, a Horeb, Allah ya yi masa magana, kuma ba cikin guguwa ko girgizar ƙasa ko wuta ba, cikin wata murya ce ƙasa-ƙasa. Mama ta rufe littafin ta ce, "'Ya'yana, ku lura da jerin: abinci, barci, sannan murya. Ku kuna so ku fara daga ƙarshe."

Na zauna a kan wani falalen dutse, ina kallon gonakin acca da shingen ƙerana da tsofaffin tuddan aman wuta da suka daɗe da mutuwa. Sa'ar farko ba ta da daɗi ko kaɗan. Hannuna na neman abin yi, kaina na lissafin kuɗin makaranta da abin da yara za su ci da rana. A sa'a ta biyu lissafin ya ƙare, sai abin da ke ƙarƙashinsa ya taso. Shekara biyu ke nan da rasuwar mahaifiyata. Ni ce babbar ɗiya, ni na tsaya kan tukwane kwana bakwai ina ciyar da masu ta'aziyya, kowa yana yaba ƙarfin halina. A kan dutsen nan na fara yi mata kuka, na kuma yi addu'ar da babu sunan kowa a cikinta sai nawa. Da yamma da muka taru, na tarar ba ni kaɗai ba ce. Wata ma'aikaciyar jinya ta ce barci ta yi sa'a ukun nan cur, ta farka tana jin kunya. Mama ta ce mata ai ita ce ta fi kowa bin nassin.

Dalilin da ya sa sai a fili, nesa da gida, nake ganin mai sauƙi ne. A gida da cikin majami'a kowane abu yana kiran sunan mace: kwano, tsintsiya, jariri, baƙo. Dutse ba ya buƙatar kome daga gare ta. Wannan ne ya ba mu damar tsayawa gaban Allah ba a matsayin uwar wani ko matar wani ko ma'ajin zumunta ba.

Sai dai kalmar daji ta sauya ma'ana a bakinmu. Ƙaramar hukumar Bassa, inda Miango take, ta sha hare-hare a shekarun nan, an binne mutane da yawa a ƙauyukan da muke hange daga dutsen. Mata huɗu sun fasa tafiya saboda mazajensu sun ƙi, ban kuma ga laifin mazan ba. Mu da muka je, sai da muka tabbatar mun isa kafin la'asar. Ga kuma batun kuɗi: mu masu albashi ne muka iya biya. Gwauruwar da ke sayar da tumatir a bakin titi, wadda ta fi mu duka gajiya, ba ta cikin motar.

Da muka dawo mun kai maganar gaban zumunta, aka yarda a buɗe adashi domin kowace tafiya a ɗauki nauyin gwauraye biyu. Muhawarar da ba a gama ba ita ce ta wa zai riƙe musu yara da teburin kasuwa daga Jumma'a zuwa Lahadi. An ɗage ta zuwa zaman wata mai zuwa, an kuma ce a gayyaci zumuntar maza.